Ba netwok ba ne: zare kan abin da ke kashe fotal ranar rijista

1/ Duk shekara waƙar ɗaya ce. A buɗe fotal ɗin rijista, ya yi kwana uku yana juyi, sai a ce mana "matsalar netwok ce, ku gwada da tsakar dare." Jama'a, sau da yawa wannan magana rufa-rufa ce kawai. Ku gyara zama, zaren yana da tsawo. 🧵

2/ Ba zan kama sunan makaranta ko kamfani ba, don ciwon ba na wuri ɗaya ba ne. Duk ɗalibin da ya taɓa zama a kafe a Mabera ko Gawon Nama yana kallon farin allo, mai kafe kuma yana ƙirga masa mintoci, ya san abin da nake nufi.

3/ Mu Sakkwatawa mun san rashin netwok na gaske. A Satumban 2021 anka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 saboda 'yan bindiga. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sunka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna sun ji a jikinsu. Wancan shi ne netwok.

4/ Amma WhatsApp na aiki, TikTok na zuba bidiyo ba ko tari, fotal kaɗai ya ƙi, sannan a ce netwok? Haba. In allo ya nuna maka 502, 503 ko 504, to amsa ce daga can ɓangarensu. Saƙonka ya isa. Wanda bai ji sallamarka ba, ai ba zai amsa maka da lamba ba.

5/ 504 na nufin injin da ke bakin ƙofa ya miƙa buƙatarka ciki, ya jira, ya gaji, ba a dawo masa da komai ba. 503 na nufin "mun cika, ko ba ma aiki yanzu." Babu ɗaya a ciki da ke cewa MTN ɗinka ko Airtel ɗinka ne ya gaza. To mi ke faruwa a ciki?

6/ Fotal yana zaune ne a kan wata kwamfuta da ake kira saba. Duk maɓallin da ka danna, buƙata ce ka aika mata. Mai ɗaukar buƙatar ya yi aikinta kuwa sunansa zare. Eh, sunansa ɗaya da wanga da kuke karantawa. Ku ɗauke shi a matsayin yaron shago guda ɗaya.

7/ Misali: teburin mai shayi. Kana zuwa a haɗa ka da yaro ɗaya, ya karɓi odarka, ya ɗora Indomie, sai ya harɗe hannu yana kallon tukunya har ta nuna. Ko mutum hamsin ne a tsaye a bayanka ba ruwansa. Wannan shi ne tsohon tsari: buƙata ɗaya, zare ɗaya, tsaya-ka-jira.

8/ Yaran nan ba su da yawa yadda kuke zato. Tomcat na Java, in ba a taɓa saitinsa ba, zare 200 ne. Fayil ɗin saiti da PHP-FPM ke zuwa da shi ya sa pm.max_children a kan 5. Biyar fa. MySQL kuma yana karɓar haɗi 151 a lokaci ɗaya. Duk wanda ya girka bai duba ba, da haka zai shiga ranar rijista.

9/ Kar wani gwani ya taso mini: na sani, a PHP-FPM da tsohon salon Apache ma'aikatan firoses ne cikakku, ba zare ba. Amma lissafin ɗaya ne. Ma'aikata ƙididdigaggu, kowane riƙe da mutum ɗaya har ya sallame shi.

10/ Ga lissafin, ba sai ka karanta kwamfuta ba. A ce zare 200, kowace buƙata tana cin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Sabar za ta sallami mutum 1000 a daƙiƙa. Lafiya lau. Ranar da anka gwada wa shugabanni fotal a ofis, haka sunka gani, sunka tafa, anka sa hannu a cek.

11/ Yanzu a ce kowace buƙata sai ta tambayi kamfanin karɓar kuɗi "wane ya biya?", shi kuma saboda cunkoso yana ɗaukar daƙiƙa 10 kafin ya amsa. Zare 200 raba 10. Mutum 20 a daƙiƙa. Daga 1000 zuwa 20, inji ɗaya, netwok ɗaya, ba abin da ya ƙone.

12/ In kuma ma'aikata 5 ne, daƙiƙa 10 kowane, mutum 30 ke nan a minti. Ka ɗauki makaranta mai dubban ɗalibai da anka ba wa'adi ɗaya. Wannan alaƙa tsakanin yawan masu zuwa, tsawon jira da tsawon layi ita ake kira dokar Little, John Little ya tabbatar da ita tun 1961.

13/ Abin takaicin shi ne a wannan lokacin sabar ba aiki take yi ba. In ka duba ƙwaƙwalwarta za ka tarar tana hutawa. Yara 200 duk suna tsaye suna kallon tukunya. Fotal bai mutu don aiki ya yi masa yawa ba. Jira ne ya kashe shi.

14/ Kuma dogaro da na waje ba abin da za a guje masa ba ne. Tun da anka tilasta asusun bai-ɗaya na TSA a 2015, kuɗin makarantun tarayya ta hanyar wani dandali na waje yake bi. To mai gina fotal ya san tun ranar farko cewa akwai jira. Bai zo masa ba zato ba.

15/ Sai mu ɗalibai mu ƙara wa wuta fetur ba da saninmu ba. Shafi ya tsaya, ka sake lodawa sau goma. Sau da yawa tsohuwar buƙatarka tana nan riƙe da zare tana aikin da ba mai karɓa, ga sababbi tara a layi. Mutum dubu sun koma dubu goma. Sai a ce "ɗalibai ne ba su da haƙuri."

16/ Malam, shafin da bai ce maka komai ba, mi kake so mutum ya yi? Ya yi masa addu'a? Wanda ya taso daga Illela ko Tambuwal da kuɗin mota, yana son ya gama ya koma kafin dare, dole ya sake dannawa. Tsarin da ke rushewa saboda halin ɗan Adam na yau da kullum, tsarin ne ke da laifi.

17/ Matsalar nan ba sabuwa ba ce, har suna gare ta. A 1999 wani injiniya, Dan Kegel, ya yi rubutu a kan abin da ya kira C10K: yadda saba ɗaya za ta riƙe mutum 10,000 a lokaci ɗaya. 1999 fa. Yawancinmu da ke wanga dandali ba a haife mu ba.

18/ Maganin da anka samo: kar yaro ya tsaya kallon tukunya. Ya ɗora taka, ya juya ya karɓi odar na gaba, ya fasa ƙwai, ya zuba shayi. Tukunyar da ta tafasa ita za ta yi masa magana. Mai shayin kirki dama haka yake aiki, shi ya sa mutum ɗaya ke ciyar da benci uku.

19/ A harshen masu kwamfuta ana cewa asinkironos. Ni ina kiransa tsarin bar-sallahu. Zare ya aika tambaya ga kamfanin kuɗi ko rumbun bayanai, ya bar sallahu "in amsa ta zo a kira ni," ya koma bakin aiki. Buƙatarka tana ajiye, amma ba ta riƙe kowa ba.

20/ Kayan aikin duk sun daɗe. FreeBSD ta samu kqueue a 2000, Linux ta samu epoll a 2002, duk hanyoyi ne da zare ɗaya zai lura da dubban haɗi, a sanar da shi wanda ya motsa. A 2004 Igor Sysoev na Rasha ya saki Nginx a kan wannan tunanin. A 2009 Ryan Dahl ya fito da Node.js.

21/ Java ma ba a bar ta a baya ba. Servlet 3.0 na ƙarshen 2009 ya kawo startAsync, inda zare zai ajiye buƙata ya koma cikin 'yan uwansa. Python ta samu asyncio a 2014. Apache 2.4 na 2012 ya zo da salon event a shirye. Java 21 ta 2023 ta kawo zaruruwa marasa nauyi da za ka buɗe dubbai.

22/ A farkon 2012 injiniyoyin WhatsApp sun sanar cewa sun riƙe haɗi sama da miliyan 2 a kan saba guda, da Erlang da FreeBSD. Saba GUDA. Mu kuma bayan shekara goma sha wani abu, ɗaliban makaranta ɗaya sun gagari fotal. Duk manhajojin nan da na lissafa kyauta suke. Ko kwabo.

23/ Na san masu cewa "ai kuɗi ne babu, a sayi babbar saba." Wallahi wannan ita ce amsar da ɗan kwangila ya fi so. Ka ninka injin sau biyu, 20 ta koma 40 a daƙiƙa, layin yana nan. Ka ƙara yara masu kallon tukunya ne kawai, kuma ka biya su.

24/ "To a mayar da zaren 5000 mana." Kowane zare na gargajiya yana da kuɗinsa. A Java kan Linux ana ware masa wajen megabait 1 na aiki, ga wahalar sauyawa daga wannan zuwa wancan. Sannan duk su 5000 za su dira kan rumbun bayanai mai ƙofa 151. Ka kwashe cunkoso daga zaure ka kai tsakar gida.

25/ Akwai wurin da netwok ɗinmu ke da hannu, zan faɗa don adalci. Mai loda hoton fasfo da layi mai rauni daga ƙauye yana iya ɗaukar minti guda. A tsohon tsari, zare guda yana tsaye duk tsawon mintin yana karɓar hoton ɗigo-ɗigo. Irinsa 200 sun isa su rufe shago.

26/ Amma wannan hujja ce a kansu, ba a kanmu ba. Ka sa Nginx a gaba ya tattara hoton a hankali, sai ya cika ya miƙa wa na ciki lokaci ɗaya. Kana gina fotal don 'yan Sabon Birni da Tangaza, ka gwada shi da intanet ɗin ofishinka a Abuja? Wa ka gina wa?

27/ Yanzu na juyo kan 'yan uwana masu koyon kodin, masu cewa "a sake rubuta shi da Node.js, shi ke nan." A'a, ɗan uwa. Bar-sallahu ba laya ba ce. In ba ka san abin da kake yi ba, sai ka gina abin da ya fi na da saurin faɗuwa.

28/ A Node.js zare ɗaya ne ke zagayen karɓar kowa. In ka ɗora masa aiki mai nauyi, kamar haɗa takardar PDF ta rijista ko lissafin sakamakon aji guda, to kowa ya tsaya. A tsohon tsari yaro ɗaya ne ya maƙale cikin 200. A nan mai shayin ne da kansa ya tafi daka yaji.

29/ Har 'yan taimakon da Node.js ke ajiyewa a baya don karanta fayil da wasu ayyukan ɓoye bayanai, zare 4 ne in ba ka ƙara ba. Aiki mai nauyi wurinsa daban: a sa shi a layi, wasu ma'aikata na gefe su yi, a ce wa ɗalibi "takardarka na zuwa." Lambar 202 ma don irin haka take: an karɓa, ana kai.

30/ Akwai kuma bar-sallahu na ƙarya. Mutum ya kira startAsync, ya saki zaren farko, sai ya miƙa aikin ga wani rukunin zare da shi ma tsayawa zai yi ya jira. Allo ya yi kyau, lissafi bai canza ba. Ko ya rubuta async a sama, a ciki kuma ya kira rumbun bayanai da tsohuwar hanya mai toshewa.

31/ Wani ya manta bai rufe buƙatar ba bayan amsa ta zo. Ɗalibi na kallon abu na juyawa har wa'adin ya cika, a Tomcat daƙiƙa 30 ne na asali. Wani kuma ya yi layi marar iyaka, yana ta karɓa har ƙwaƙwalwar saba ta cika ta kife. Tulu ma in ya cika ai dainawa ake yi.

32/ Wanda ya fi ba ni tsoro: a wannan tsarin, zaren da ya fara aikinka ba lallai ne shi zai ƙarasa ba. In mai kodin ya liƙa bayananka a jikin zare bai goge ba, zaren ya koma ya ɗauki wani, to ana iya nuna wa wani abinka. Wannan ya wuce jinkiri, maganar sirrin mutane ce.

33/ Ga kuma rige-rige. Gado ɗaya ya rage a hostal, zare biyu sun duba a daƙiƙa ɗaya, kowane ya ga "akwai," kowane ya bayar. Mutum biyu, rasit biyu, katifa ɗaya. Haka biyan kuɗi: in ba a ɗaure kowane biya da lamba ɗaya tak ba, sake dannawa na iya zama sake cira.

34/ Don haka hujjata ba "ku bi yayi" ba ce. Fotal ɗin PHP na gargajiya ma yana iya tsira in an saita yawan ma'aikata da lissafi, an sa wa kowane kira na waje wa'adi na 'yan daƙiƙu, an bar kamfanin kuɗi ya turo sanarwa da kansa in an biya, maimakon a riƙe ɗalibi ana tambaya.

35/ Abin da nake ƙi shi ne a ƙi yin lissafin gaba ɗaya, sannan a ɗora mana kuɗin. Ku duba wa ke biya. A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Kowace sake lodawa daga aljihunmu take fita. Ga kuɗin kafe, ga na Keke, ga lacca da ta wuce.

36/ Ga 'yan mata da ake cewa "ku gwada ƙarfe biyu na dare," waɗanda ba su da kwamfuta kuma ba su da halin fita kafe a wannan lokacin. Sannan a ƙarshe a rufe fotal, a buɗe na makara, a ce a biya tara. Wato inji ya yi barci a bakin aiki, ɗalibi ya biya diyya.

37/ Kar a ce mini hukuma ba ta bayanin irin wannan. A Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997, anka sake musu jarrabawa. Matsalarsu daban ce da wagga, amma an faɗi dalili, an faɗi adadi.

38/ To ga abin da ya kamata ƙungiyoyin ɗalibai su nema a rubuce, maimakon hoton ziyarar ban girma. Na ɗaya: gwajin lodi kafin a buɗe fotal. JMeter, Locust da k6 duk kyauta ne, suna kwaikwayon dubban mutane a lokaci ɗaya. A gwada, a fitar da sakamako. Ba a fafe gora ranar tafiya.

39/ Na biyu: a raba ranaku, kowace tsangaya da tata. Wannan ko kodin ba ya so, sanarwa ce kawai. Na uku: in an cika, shafi ya faɗa a fili, "kai ne na kaza a layi, kar ka sake dannawa." Mutum in ya ga lambarsa yana iya jira. Banki ma ya gane haka tuntuni.

40/ Na huɗu: duk awar da fotal ya yi a kwance a ƙara ta kan wa'adi, ba tara. Saba tana ajiye rajistar duk abin da ya faru, da lokaci da lambar kuskure, don haka ba abin musu ba ne. Na biyar: kwangilar fotal ta ƙunshi yawan mutanen da zai ɗauka a lokaci ɗaya, in ya gaza a riƙe kuɗi.

41/ Na shida: a ba ɗaliban kimiyyar kwamfuta dama su gwada kwafin fotal a matsayin aikin kammalawa, da izini, ƙarƙashin malamansu. Sakkwato na da jami'ar tarayya tun 1975, ga ta jiha, ga kwalejin kimiyya da fasaha. A ce duk garin nan ba mai iya ƙirga zare? Ban yarda ba.

42/ Ku kuma masu koyo, kafin ka sa "injiniyan manhaja" a bayanin shafinka, ka iya amsa uku: ma'aikata nawa sabarka ke da su, mi kowane ke yi in yana jiran amsa daga waje, mi zai faru da mutum na 201. In ba ka sani ba, fotal ɗin baɗi da za mu zaga naka ne.

43/ Nan gaba in an ce maka netwok ne, ka ɗauki hoton allon da lambar da ta fito da lokacin. Ka buɗe wani shafi ka ɗauka shi ma. Ku tara su ajinku guda, ku kai wa wakilinku. Korafin baki iska ke ɗauka, amma hoto ɗari na 504 da ƙarfe goma na safe yana da wuyar musu.

44/ Wanda ke ganin na yi kuskure, bismillah, ga fili a ƙasa, amma ya zo da lissafinsa: zare nawa, daƙiƙa nawa, mutum nawa. Wanda kuma ke da ɗan uwa a sashen kula da fotal na makarantarsu, ya tura masa wanga zare. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.